Bakin Rafi, Zanen Malam Sule

Matasan da suke zama a bencin ƙofar shagona a nan Birnin Kudu sun sha tambayata dalilin da ya sa nake zama da allura da zare, alhali ga injin ɗinkin kwamfuta mai kai biyu a bayana. Ɗayansu ya ce, “Baba Garba, ai sana’arku ba wahala. Maɓalli za ka danna, inji ya yi ta aiki, kai kana shan shayi.” Ban ba shi amsa ba a ranar. Ga ta nan na rubuta, don bakina ba ya iya faɗinta a gaban mutane.

Aikin farko da aka ba ni a Gwaram wuyan wani farin kaftani ne na mai sayar da goro. Mahaifina ne ya kai ni wurin Malam Sule mai zayyana, wato mai zana adon riga kafin a bi shi da allura. A zaurensa muke zama kan tabarma. Kayan aikinsa ba su cika ƙwarya ba: allurai, ɗan almakashi mai baƙin hannu, alƙalamin kara, da tawadar da take fita idan an wanke. Na gama wuyan nan ina jin daɗi, na miƙa masa. Bai ko dubi gaban ba. Juya kaftanin ya yi, ya bi ƙulle-ƙullen baya da babban yatsa, ya tsaya a wani wuri.

“Warware nan,” ya ce.

“Malam, ai ba a gani.”

“Mai rigar ba ya gani. Wankau zai gani, sai ya faɗa wa duk garin.”

Na warware. Haka na yi shekaru a hannunsa, kuma ban taɓa ganin ya fara duba aiki ta gaba ba.

Zane-zanensa a takardar buhun siminti yake yin su, ya naɗe, ya ɗaure da tsumma, ya sa a adaka. Aska biyu, aska takwas da tambari na kowa ne, duk mai zayyana ya san su. Amma a al’adar masu wannan sana’a, kowane gwani yana da zane ɗaya nasa na kansa wanda ba ya yi wa kowa haka kawai. Na Malam sunansa Bakin Rafi. Layuka ne suke gangarowa daga wuya zuwa aljihu, suna kewaye juna kamar ruwa idan ya tarar da dutse, a tsakaninsu kuma akwai ƙananan idanu kamar sawun tsuntsu a jiƙaƙƙen yashi. Sau biyu ya taɓa ɗinka shi. Riga ɗaya ta tafi da wani mutum aikin Hajji, ya zauna can bai dawo ba. Ɗayar tana wurin Alhaji Buba, wani Bafillace mai shanu a bayan Gwaram. Daga nan Malam ya naɗe takardar, ya ce ta uku sai ranar auren ɗansa. A lokacin ’ya’ya mata gare shi. Nasiru ya zo daga baya, Malam ya riga ya fara furfura.

Da Malam ya sallame ni na dawo Birnin Kudu, na kama shago a hanyar asibiti, na sayi keken surfani. Ma’aikatan asibiti da malaman makaranta su ne masu kawo mini aiki. Aikin da ya sa na koma kwamfuta bajon kayan makaranta ne. Wata makaranta ta ba ni kwangila, na yi ta fama da keke, bajo biyu ba sa fitowa iri ɗaya. Shugaban makarantar ya kwashe sauran ya kai Kano, aka yi masa cikin ɗan lokaci. Na sayar da gonar da na gada, na sayi injin da aka taɓa amfani da shi, da kwamfuta.

Ku da kuke cewa maɓalli ne, ku saurara. Injin nan bai san komai ba. Kai za ka gaya masa inda allura za ta fara, ta ina za ta bi, da yawan zaren da za ta zuba a kowane wuri. In ka cika zare a shadda mai laushi sai ta yage, kuma ba taka ba ce. In ka rage, yadin ya riƙa leƙowa. Wuyan ƙaton mutum daban, na siriri daban, don haka kowace riga sai ka sake gyara zanen kafin ka tura wa inji. Duk wannan gyaran a cikin manhaja ake yin sa. Ita ce alƙalamin kara na wannan zamani.

Manhajar a Kano na saye ta wurin wakilin kamfanin, wani da kowa yake kira Injiniya. Ya ba ni wani ɗan abu kamar filashi, ya ce shi ne makulli, muddin yana jikin kwamfuta manhajar za ta buɗe.

“Sau ɗaya ake saya,” ya ce. “Taka ce har jikoki.”

Na ɗaura wa makullin jan zare don kada ya ɓata.

Aikin da na fi jin daɗinsa a duk shekarun nan shi ne shigar da zane-zanen Malam cikin kwamfuta. Idonsa ya yi rauni, kuma gara ta fara cin gindin adakar. Na ɗauko shi a mota na kawo shi shagon. Ya kusantar da fuskarsa ga gilashin, yana kallon aska takwas tana girma tana ƙanƙancewa.

“Malam, a nan gara ba ta shiga,” na ce. “Ruwa ma ba ya taɓawa.”

“To ɓarawo fa?”

Na nuna masa makullin. “Sai da wannan.”

Ya juya shi a hannunsa. “Ɗan wannan abin? Ko akuya ba za a ɗaure da shi ba.”

Amma ya yarda. Ya ba ni takardun duka, har da Bakin Rafi, da sharaɗin kada in ɗinka wa kowa shi sai Nasiru. Na bi kowane layi a hankali har na gama, na mayar masa da takardun. Tunda kowa ya san zanen yana wurina, ba wanda ya ƙara kula da adakar. Gara ta ƙarasa aikinta.

Bayan wasu shekaru wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙona kwamfutar, amma ma’ajiyar zane-zanen da take cikinta ta tsira. Sabuwar da na saya ta ƙi karɓar makullin. Injiniya ya ce kamfanin ya daina wannan tsarin. Yanzu ba a sayen manhaja, haya ake yi shekara-shekara. In na mayar da makullin za a yi mini rangwame, kuma za a kwashe zane-zanena a sa a rumbun kamfanin na intanet, inda ko shagon ne ya ƙone ba abin da zai same su.

“Ai na saya,” na ce. “Kai ka ce har jikoki.”

“Waccan ka saya, Malam Garba. Wannan sabuwa ce.”

“In wata shekara ban biya ba fa?”

Ya yi dariya. “Kuɗin shayi ne. Kai da kake da inji?”

Na kwance jan zaren na miƙa masa makullin. Gaskiya shekarun farko ba su yi nauyi ba.

Shekarar da abin ya lalace, komai tare ya zo. Naira ta faɗi, kuɗin hayar kuwa da dala ake biya. Zare ya yi tsada, man janareta ya yi tsada, mutane suka koma ɗinki mara ado. Sai kamfanin ya soke ƙaramin tsarin da irinmu masu inji ɗaya muke kai, ya ce kowa ya koma babban, wanda aka yi wa masu masana’anta. Wata safiya na kunna kwamfuta zan gyara wuyan rigar wani likita, sai ga rubutu da Turanci ya tare gaba. Na karanta a hankali. A bayan rubutun ina hango sunayen zane-zanena a jere, kowanne da ɗan hotonsa kamar farce, sun yi toka-toka. Na danna Bakin Rafi. Bai buɗe ba.

Na tafi Kano. Na tarar da ofishin Injiniya cike da irina. Wata Hajiya mai shagon ɗinkin mata tana dukan tebur.

“Zanena ne ko naku? Ni na zauna na zana, ko ubanku ne ya zana mini?”

“Naki ne, Hajiya. Ba wanda ya ce ba naki ba ne. Suna nan lafiya.”

“To ba ni.”

“Sai kin sabunta.”

Wani dattijo ya tambaya ko za a bar mu mu biya na wata ɗaya, mu kwashe kayanmu mu tafi. Injiniya ya ce shekara ce ko babu. Na jira har mutane suka ragu, na matsa kusa na ce masa zane ɗaya kawai nake so, amanar wani ce.

“Wallahi ni ma saƙo aka aiko mini, Malam Garba.”

“To wa zan gani?”

“Ba wanda za ka gani. Ni ma ban taɓa ganinsu ba.”

Abin da suke nema, sai na sayar da injin kafin in haɗa shi, sannan in rasa abin da zan yi ɗinkin da shi. Na dawo na ci gaba da ’yan zanen da suka rage a cikin injin, da na kasuwa da kowa yake saya. Malam Sule ya rasu a ƙarshen wannan shekarar. Bai sani ba.

Bayan ta fita takaba, Inna Hajara matarsa ta aiko in je. Ta ce an sa ranar auren Nasiru, bayan an gama girbi. Ta ɗauko farar shadda daga ƙasan akwati, wadda Malam ya saya ya ajiye tun yana da ƙarfi.

“Ya ce rigar Nasiru tana wurinka, cikin injinka. Ya ce kwana kaɗan za ka yi ka gama.”

“To, Inna,” na ce. Na karɓi shaddar.

Ranar kasuwar Gwaram na tambayi hanyar rugar Alhaji Buba, ɗan acaɓa ya kai ni. Na same shi a gindin tsamiya, tsoho dogo, da sanda a gefensa. Muka gaisa, muka yi wa Malam addu’a, aka kawo mini nono. Daga nan na faɗi abin da ya kawo ni, ina kallon ƙasa. Roƙon dattijo ya ba ka rigarsa ba ƙaramin abu ba ne, balle ga mutumin da duk yankin ya san shi da inji.

“Tsaya, Kaɗo, in gane,” ya ce. “Zanen naka ne?”

“Na Malam ne, Baffa, amma a hannuna yake.”

“Kana ganinsa?”

“Ina ganin sunansa.”

“Amma ba ka iya taɓawa.”

“Sai na biya.”

“Wato ka sayi saniya, tana garkenka, kai kake ba ta dusa, amma in za ka tatsa sai ka nemi izini daga wani gari?” Ya yi dariya har da tari. “Mu kuke ce wa mutanen daji. Wane Bafillace ne zai yi wannan ciniki?”

Da ya gama dariyar sai fuskarsa ta canza.

“Rigar tana nan. Amma ranar da Sule ya miƙa mini ita, ya ce kada in ba wani mai allura ya kwafa, ko wane ne shi. Na ce to. Ya mutu bai kwance mini ba.”

“Baffa, ɗansa za a yi wa.”

“Na ji. To uwar ɗan ta sani?”

Na girgiza kai.

“Je ka gaya mata. In ta ce a ba ka, maganar Sule ce. Ka zo mini da shaida.”

Hanyar daga rugar zuwa gidan Malam tana da ɗan nisa, amma da ƙafa na bi ta. Na sami Inna tana gyaran wake a tsakar gida. Na durƙusa daga nesa na faɗa mata komai: makullin da na mayar, rumbun kamfanin, da abin da aka ce mini a Kano. Hannunta bai tsaya ba.

“Wato zanen yana hannun waɗansu mutane.”

“E, Inna.”

“Sun san shi?”

“A’a.”

“Sun san na Nasiru ne?”

“Ba su sani ba.”

Ta hure ƙaiƙayin da yake faifan. “Ranar da ya dawo daga shagonka ya ce mini, Hajara, yau na huta, na ajiye kayana inda gara ba ta zuwa.” Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da ɗan almakashin nan mai baƙin hannu. “Kai wa Buba. Ka ce in ji ni.”

Alhaji Buba ya karɓi almakashin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce in mayar wa Inna. Ya sa aka fito da rigar, a naɗe cikin zane, tana ƙamshin turaren wuta. Ya ce ba za ta bar rugar ba. Don haka na riƙa zuwa da takardar buhun siminti da alƙalami, ina shimfiɗa rigar a tabarma gindin tsamiya, ina aunawa da yatsu, ina zanawa. Shi kuma yana zaune yana gadina.

“Kaɗo, ka wanke hannu kuwa? Wannan rigar ta girme injinka.”

Da na juya ta baya na ga ƙulle-ƙullen Malam, ƙanana, a kwance, ko ɗaya bai saki ba. Na ɗan dakata kafin in ci gaba.

Ba yadda zan shigar da sabon zanen cikin inji tunda manhajar a kulle take. Sai allura. Na yi shekaru ban riƙe ta don babban aiki ba. Yatsuna sun yi kauri, sai da na sayi tabarau a kasuwa. Idanun Bakin Rafi kowanne sai an huda yadin, an kewaye ramin da zare har ya tsaya da kansa, kuma suna da yawa. Da safe ina yi wa masu bajo aikinsu don in ci abinci, da rana in koma kan rigar. Aka yanke gero, aka yanke dawa. Na gama wuya, na gama rabin aljihu. Baya ko taɓawa ban yi ba.

Ana gobe ɗaurin aure na je na gaya wa Inna. Ta ce, “Allah ya sa haka ne mafi alheri.” Na yi wa Nasiru wata riga a inji da zanen kasuwa, irin wadda ake gani a kowane biki.

Da safe mutane suka taru a ƙofar gidan. Ina can ƙarshen tabarma, inda tsofaffin telolin Gwaram ba za su gan ni sosai ba. Sai ga Alhaji Buba a bayan babur, sanye da rigar. Ya sauka ya kira Nasiru cikin zaure, zauren da na koyi aiki. Da suka fito, Alhaji Buba daga shi sai kaftanin ciki, Nasiru kuwa yana cikin Bakin Rafi. Ta yi masa tsawo, sai da ya tattare ta a kafaɗa.

“Aro ne fa,” Alhaji Buba ya ce da ƙarfi. “Kada ka zuba mata miya. Kuma ba haya nake karɓa ba, ni ba kamfani ba ne.”

Mutane suka yi dariya, waɗansu suka juyo suna nemana. Wani tsohon tela da yake kusa da ni ya taɓa bakin rigar da Nasiru ya zo wucewa, ya ce, “Allah ya jiƙan Sule.” Aka shafa fatiha. Ɗan Malam ya yi aure da rigar aro. Kowa a wurin ya san a hannun wa tasa take.

Ban ajiye aikin ba. Na ci gaba har na gama aljihu, na yi baya, na wanke tawadar, na kai wa masu bugu suka buge ta. Kwanakin baya na naɗe ta na kai Gwaram. Inna ta sa tabarau, ta shimfiɗa rigar a cinyarta. Na zaci za ta dubi layukan. Juya ta ta yi. Ta bi bayan da babban yatsa, daga wuya zuwa aljihu, a hankali, ta tsaya a wurin da na yi sauri lokacin da biki ya matso.

“Garba.”

“Na’am, Inna.”

“Da yana nan, da ya sa ka warware nan.”

“Haka ne, Inna.”

Ta ninke rigar, ta ɗora almakashin mai baƙin hannu a kanta, ta turo mini.

“To warware.”

Sunayen zane-zanen suna nan a kwamfuta har yau, toka-toka, in na kunna ina ganinsu. Rigar da kuke gani a cinyata kullum ita ce ta Nasiru. Na warware wurin, ina sake shi. In ɗayanku yana so ya san ko sana’ar nan danna maɓalli ce, ya wanke hannu ya zo ya zauna. Zan nuna masa bayan rigar.